Neman Kande a Ƙasar Gumel

Laraba, daga Dungas

Tun ladan bai gama gyaran murya ba na ɗora wa jakina mangala, na rataya zabirar askina, na fita daga gidanmu a Dungas. Kwana goma ke nan da gama ɗaurin gero. Ku da kuka dame ni a tabarmar aski kuna tambayar abin da ya kai ni ƙasar Gumel, hannun Ingilishi, har kwana goma sha huɗu, to yau zan faɗa, ku huta ni ma in huta.

Ni ne Ilu wanzami. Shekarar babbar yunwar nan da aka ci ganyen da akuya ke ƙi, babanmu ya rasu. Inna ta ɗauki ƙanwata Kande, tana 'yar shekara biyar, ta yi kudu neman abin sa wa a baki, ta dawo ita kaɗai. A kasuwar Maigatari ta bar ta wajen wata mai sayar da gero don kada ta mutu a hannunta. Shekara goma sha biyu Inna ba ta ambaci sunan yarinyar nan ba, sai da ciwo ya kwantar da ita. Ta kira ni ta ce, "Ilu, ni tafiya ta matso. Je ka nemo mini Kande."

Na ce, "Inna, ya sunan matar?"

Ta ce, "Ban tambaya ba. Da na san sunanta, da kafin in kai bakin gari na juyo na karɓe ta mu mutu tare."

Abin da ta riƙe biyu ne: matar tana da wushirya, kuma 'yar ƙasar Gumel ce. Ni kuwa ina da tawa shaidar. Babanmu bahago ne, shi ya yi wa 'ya'yansa zane da hannunsa. Billen da sauran wanzamai ke tsagawa a kuncin hagu, shi a dama yake faɗa masa, wutsiyar kuma ta lanƙwasa sama kamar ƙugiya. Yana nan a fuskata, yana nan a fuskar Kande.

Da azahar na kai iyaka. Iyakar da ake ta faɗa, ashe tulin duwatsu ne da ƙarfe a tsakiya, sai wani gardin Faransa, mai tsaron iyaka, da jar hula yana gyangyaɗi a gindin aduwa. Ya buɗe ido ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Aski, ranka ya daɗe."

"A Dungas kawuna sun ƙare ne?"

"Kawuna suna nan, gashi ne babu. Ɗaukar dutsen aikin hanya ya cinye shi."

Bai yi dariya ba, ya dai cire hula ya miƙo mini kai, wai shi ne kuɗin wucewa. Ina cikin aski jakina ya sulale ya nufi gonar mutane. To sunan jakin nan Kumandan, yadda ake kiran Baturen mulkinmu, ubangidan gardin, don ba ya jin maganar kowa. Na buɗe baki zan ƙwala masa kira sai na tuna kan wa ke hannuna. Haka na tsaya ina cewa, "Malam! Malam, dawo!" Jakin bai ko waiwayo ba, sai da na gama na bi shi da gudu.

Alhamis, Maigatari

Na kwana a zauren wani fatoma, mai saukar da baƙi, tare da Buzaye uku da raƙuminsu da ya leƙo kai ya cinye mini ƙuli-ƙuli. Da hantsi kasuwa ta cika. Kanwa daga wajenmu, goro da shuɗaɗɗen tufafi daga Kano, shanu har inda ido ya tsaya. Kuɗinsu na yanzu wani ɗan ƙarfe ne mai huda a tsakiya, anini, tsofaffi suna zarge shi a igiya su rataya kamar laya.

Na shimfiɗa tabarma kusa da masu awon gero. Aikina ranar nan in ga haƙoran tsofaffin mata, kuma tsohuwa ba ta buɗe wa baƙo baki haka kawai. Sai na shiga ba su dariya. Na kwaikwayi tafiyar gardi, na kwaikwayi yadda Bature ke gaisuwa. Shida suka dara, babu mai wushirya. Ta bakwai ta ga ina leƙen bakinta, ta ɗauki mudu ta ƙwala mini a ka.

Ta ce, "Kai ɗan nema, doki ka mai da ni da kake duba mini haƙora?"

Da na faɗa mata dalili sai jikinta ya yi sanyi. Ta ce, "Ayya, ɗan nan. Shekarar nan ai yara aka riƙa ajiyewa a rumfunan nan, wa ya ƙidaya? Masu awon wancan lokaci duk sun watse. Ka shiga Gumel ka tambaya." Ta dama mini fura da nono mai kauri, ta hana ni biya, amma ba ta ce in yi haƙuri da ƙullutun da ta fitar mini ba.

Juma'a zuwa Talata, Gumel

Na tashi bayan sallar asuba, na hango ganuwar Gumel rana ba ta kai tsaka ba. Wani akawu da na taras a ƙofar gari ya zaro agogo daga aljihu ya ce tafiyar awa biyar da rabi na yi. Na ce masa Allah ya saka, da bai faɗa ba da ƙafafuna ba su sani ba.

Mai tsaron ƙofa ya ji harshena ya ce, "Af, Badamagare! Da can da mashi kuke zuwa mana, yanzu kuma da aska?"

Na ce, "Duk wuyan dai muke nema, baba." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya buɗe mini hanya.

Na sauka wajen Tanko marini, ɗan unguwarmu da ya yi shekara goma sha biyar a Gumel. Ku da kuka san Tanko yana yawo da ɗan bante a Dungas, ku zo ku gan shi yanzu. Rawani ya fi kansa girma, magana ɗaya biyu sai "mu mutanen Gumel". Ya ce in rage cewa "wala" da "toh" irin na gida don kada a raina shi. Na ce, "Tanko, hannunka shuɗi ne har gwiwa, zanen Dungas a fuskarka, wa kake ɓoye wa?"

Kwana huɗu na yi ina aski a ƙofar zaurensa. In kana son labarin gari ka riƙe kan mutum, da ya sunkuya bakinsa ke buɗewa. Mutanen Gumel ba su da zance sai jirgin ƙasan Kano. Wanda bai taɓa wuce bakin ganuwa ba shi ya fi kowa sanin yadda yake kuka. Wani ya rantse mini wuta yake ci ya sha ruwa, wani ya ce ƙarya ne, aljanu ne a ɗaure a ciki. Sai zancen gyaɗa, wai Turawa na saye su kai ƙasarsu, kowa ya tashi zai cire gero ya shuka ta. Na ce Allah ya sa in yunwa ta dawo su iya tuƙa tuwo da ita. Sai Baturen da ke barikin bayan gari, wanda kukunsa ya ba da labarin cewa a cikin kwano yake zama ya yi wanka, ya tashi daga ruwan dauɗarsa ya ce ya fita tsab, karensa kuma a kan gado yake kwana.

Kowane kai na riƙe sai an tambaye ni, "Tsakanin naku Nasaran da namu wa ya fi?" Amsa ɗaya nake bayarwa: namu ya doke ka da kansa, naku ya aiko ɗan'uwanka ya doke ka, ku zaɓa. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa. Mutum zai tambaye ka gida, gajiya, baƙunta, jaki, ya koma kan gida, kai kuwa fitsari ya matse ka. Amma tuwon dawarsu da miyar kuka, gaskiya ɗaya ce, ya fi namu.

Duk wannan surutu da nake yi hankalina yana gida. Kullum in na kwanta sai in ga Inna a kan tabarmarta tana kallon ƙofa. Na bi rijiyoyi, na bi masu daka, ina kallon kuncin matan mutane har wani magidanci ya biyo ni da taɓarya. Ranar Talata wani mai albasa ya ce ya san wata tsohuwa mai wushirya a Gagarawa da ta riƙi 'yar arewa tun shekarar yunwa, kuma yarinyar ta haihu, jibi suna. Tanko ya ce, "Ka je ka duba, amma kada ka taɓa kan jaririn gidan da ba naka ba." Na ce masa ni zai koya wa wanzanci?

Alhamis, Gagarawa

Tafiyar yini ce, na kwana a masallaci, da sassafe na sami gidan. An yanka rago, an raɗa suna, an fito da jariri, wanzamin gidan bai iso ba. Mai jego tana can cikin ɗaki, ni kuwa ba ni da hanyar ganinta. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, amma wanzami da zabira a kafaɗa har tsakar gida ake shigar da shi.

Na san doka sarai. Kowane gida da wanzaminsa tun kaka da kakanni, shi ke cire belu, shi ke askin suna, shi ke kaciya, nasa ne kason nama da damin gero. Da wani ya yi mini haka a Dungas da na fasa masa kai. Amma da na ji maigidan yana tsaki yana duban rana, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ga wanzami, a shigar da ni."

Na aske jariri tas. Na ce al'adarmu sai uwa ta zo ta karɓi ɗanta da kanta, ƙarya ce na shirga a take. Aka ɗaga asabari ta fito. Doguwa, fara, kuncinta sumul babu ko ƙwarzane. Bafilatana ce. Ban gama haɗiye baƙin cikin ba sai na ji an shaƙo wuyan rigata ta baya. Wanzamin gidan ne, gajere mai faɗin ƙirji, ashe kaciya ta tsai da shi a wani ƙauye.

Ya ce, "Uban wa ya ba ka kan yaron nan? Kakana ya aske kakansa!"

Na ce, "To ai ga gashin nan, mai da masa."

Wannan maganar ce ta jawo mini mari. Ya ƙwace zabirata, ya ce sai gaban Sarkin Aska a Gumel. Washegari muka kamo hanya, shi a kan jakina da zabirata a cinya, ni a ƙasa. Kumandan da bai taɓa yi mini tafiyar kirki ba, ranar nan har da sassarfa.

Asabar, Gumel kuma

Sarkin Aska tsoho ne tukuf, idonsa ya kusa tafiya. Wanzamai goma sha ɗaya suka zauna a zaurensa, kowa na kallona kamar na saci akuya. Gajeren ya zayyana laifina, har da wanda ban yi ba. Tsohon ya ce, "Matso, baƙo, in ga ɗan gidan wa ne ba a koya wa ladabi ba." Na durƙusa. Ya ɗora yatsunsa a fuskata yana bi a hankali. Da ya zo kan billen sai ya tsaya, ya koma farkonsa, ya sake bi har wutsiya.

Ya ce, "Wannan hannun bahago ne. Kuma na taɓa gamuwa da shi."

Na ce, "A ina, baba?"

"Bara waccan, a Sule Tankarkar. Wata yarinya mai ciwon kai aka ce in yi wa ƙaho. Na shafa kuncinta na ce, wane ne wannan da ya tsaga bille a dama, ya kuma yi masa ƙugiya? Na yi shekara sittin ina aski, hannun nan sau biyu na taɓa shi, yau ne na biyun."

Na fashe da kuka a gaban wanzamai goma sha ɗaya, na ba su labari tun daga farko. Tsohon ya ce, "Da ka fara zuwa ka gaishe mu yadda baƙon wanzami ke yi, da tun ranar da ka shigo ka ji wannan. Ka tsaya kana leƙen bakin tsofaffi." Ya sa aka mai do mini zabira, amma ya ce laifi yana nan. Hukuncina in aske duk wanda ke zauren, kyauta.

Jama'a, kada Allah ya haɗa ku da askin wanzami. Wannan ya ce askata ba ta da kaifi, wancan ya ce na cika ruwa, wani ya ce a Damagaram da fartanya muke aski. Gajeren ya sa na maimaita ƙeyarsa sau uku. Tun hantsi nake abu ɗaya sai da aka kira la'asar.

Lahadi, Sule Tankarkar

Na fita ta ƙofar yamma da asuba, na isa kafin azahar. Wannan karon gidan wanzamin garin na fara sauka, na durƙusa na gaishe shi, shi ya raka ni har tsakar gidan. Wata tsohuwa na zaune tana kaɗi, ana ce mata Iya Hajo. Ta yi mini maraba da dariya. Wushiryar da na sha mudu a kanta babu ita, haƙoran gaban duk sun zube.

Sai ga wata mata ta fito daga madafa, goyo a baya, muciya a hannu. Ƙatuwa, wuyanta har ya yi ninki. Billen babanmu na nan a kuncinta na dama. Ta dube ni, ta dubi kuncina, ta sa hannu ta taɓa nata.

Na ce, "Kande."

Ta ce, "Nan Kyauta ake ce mini."

Na faɗa mata ko ni wane ne, na ce Inna na kwance, ita ta aiko ni. Iya Hajo ta ajiye mazari tana share ido. Kande ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na tuna ta. Ta ba ni ƙwarya ta ce in riƙe mata, za ta je ta dawo. Na riƙe har aka tashi kasuwa. Iya ce ta ɓamɓare yatsuna daga jikin ƙwaryar."

Na ce, "Don ki rayu ta yi."

"Na sani, ai ga ni."

"To ki zo mu je ta gan ki. Kwana biyu ne."

Ta nuna tsohuwar da muciya. "Ga uwata nan, wanzami. Ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. In ce mata ta riƙe mini wani abu in je in dawo?"

Iya Hajo da kanta ta roƙe ta, mijinta ma da ya dawo daga gona ya ce ya yarda, ta ce ba inda za ta. Amma ta kawo mini tuwo malmala huɗu da man shanu yana gudu a kai, ta tsaya a kaina sai da na cinye, ta ƙaro. Da safe na taras ta ɗora wa jakina taikin gero har yana nishi. Na ce, "Me zan ce wa Inna?" Ta ce, "Ka ce gero ne." Ta juya ta shige madafa.

Talata, gida

Kwana biyu na yi a hanya ina shirya ƙarya. In ce miji ya hana ta, in ce goyo ne, in ce sai bayan salla. Ban taɓa jin nauyin zuwa gida irin na ranar nan ba. An aike ni in kawo mutum, na kawo hatsi.

Na shiga Dungas da la'asar sakaliya. Inna na nan da rai, ta ƙara ƙanƙancewa. Ta dubi bayana, ta ga babu kowa. Na durƙusa na ce, "Inna, na same ta. Ta yi aure, tana da ɗa namiji. Sai dai zuwan ne..."

Ta ɗaga hannu ta tsai da ni. Ta ce, "Tana ci?"

Na ce, "Na'am?"

"Abinci. Tana samu ta ƙoshi?"

Duk ƙaryar da na shirya ta zube. Na ce, "Inna, wallahi in ta tsaya a ƙofar ɗakin nan haske ba zai shigo ba. Wuyanta ninki uku. Rumbu huɗu na ƙidaya a gidan, man shanu kuwa da ludayi take zubawa. Geron da ke waje ma ita ta ba da."

Ta ce, "Ninki uku?"

Na ce, "Uku, na huɗu na tafe."

Ta yi dariya, hawaye na bin zanen fuskarta. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ban yi a banza ba." Ba ta tambaye ni ko Kande za ta zo ba, ba ta tambaye ni ko ta yafe ba, har ta koma ga Allah bayan kwana tara. Kunun geron nan ne abin da ta sha na ƙarshe.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni ta ji da kunnenta. Na gode wa tsohuwar da ta ƙwala mini mudu ta ba ni fura, da Tanko, da tsohon da yatsunsa suka gane hannun babanmu. Iya Hajo kuwa, wadda ta ciyar da 'yar mutane shekara goma sha biyu ba ta san sunan uwarta ba, ba ni da bakin gode mata, Allah ya biya ta.